Na fara bin labarai da siyasa ina jami'a: tambayoyi da amsoshi

Yawanci a aji biyu ko aji uku abin yake farawa. Ɗalibin da a da ba ya taɓa waya sai don sakamakon ƙwallo da hira da abokai, sai ka ji yana tambayar me Majalisar Dattawa ta yanke jiya, ko me ya sa gwamnoni suka taru a Kaduna. Ga tambayoyin da irin waɗannan ɗalibai suka fi yi, maza da mata, da amsoshin da nake ba su a matsayin yaya ga ƙannensa.

Da can siyasa ba ta dame ni ba, yanzu kullum idona na kan labarai. Me ya same ni?

Lafiyarka ƙalau. Ba kai ka je wurin siyasa ba, ita ta biyo ka har ɗakin kwananka. Duk wanda yake jami'ar gwamnatin tarayya a 2022 ya zauna a gida daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU, wata takwas cur, bayan wani yajin da ya cinye kusan wata tara a 2020. Wanda ya nemi sanin dalili, dole ya ci karo da yarjejeniyar 2009 tsakanin malamai da gwamnatin tarayya, da rigimar tsarin biyan albashi na IPPIS. Daga nan ya shiga siyasa ke nan bai sani ba.

Sai kuma 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, kuɗin adaidaita sahu zuwa makaranta ya tashi, kwanon abinci ya tashi, jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. A 2024 aka buɗe asusun ba ɗalibai rance na NELFUND. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba daga sama ya faɗo ba, wasu mutane ne suka zauna a ofis suka yanke. Son sanin su wa ye su, da yadda suka kai ga hukuncin, alama ce ta girma.

Daga ina zan fara? Kafafen sun yi mini yawa.

Bahaushe ya yi sa'a ta wannan ɓangaren, domin ya daɗe da kafafe a harshensa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya tun 1939, Abubakar Imam na editanta. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Rediyon Faransa a 2007. Shi ya sa za ka tarar da mai gadi ko mai shayi ya fi wani ɗan boko sanin abin da ake ciki a Sudan.

Shawarata, ka tsaya kan uku. Ɗauki tasha ɗaya ta waje ka ji labaranta da safe. Ɗauki rediyo ɗaya na jiharka, domin BBC ba za ta gaya maka dalilin da ya sa ruwan famfo ya ɗauke a unguwarku ba. A Kano, tun da Freedom Radio ta buɗe a 2003, shirye-shirye irin su Inda Ranka da Kowane Gauta suka sauya yadda ake maganar siyasa a gari. Na uku, jarida ɗaya da za ka riƙa karanta labarinta har ƙarshe, ba kanu kaɗai ba: Aminiya, ko Daily Trust, ko Premium Times.

Kowace kafa ka ɗauka, ka san mai ita. Rediyon jiha na gwamna ne, ba zai ce gwamna ya gaza ba. Tasha mai zaman kanta tana da mamallaki, shi ma da abokansa da abokan gabarsa. Na waje ma gwamnatocin ƙasashensu ko masu biyan haraji a can ne ke ɗaukar nauyinsu. Kuma yawancin shirye-shiryen siyasa na dare da kake jin ana ta yarfe a ciki, fili ne da aka saya. Wannan bai sa a daina sauraro ba, amma a saurara da sani.

Labaran Hausa sun wadatar, ko sai na haɗa da na Turanci?

Ka haɗa. A Hausa za ka ji muryar manomin Zurmi da 'yan bindiga suka kora daga gonarsa, da bakinsa, ba a sassauta ba. Amma tsarin mulkin 1999, da kasafin kuɗi, da takardar hukuncin kotu, duk da Turanci aka rubuta su, kuma abin da ya iso gare ka a Hausa taƙaitawar wani ce. Kai da kake jami'a kana iya zuwa tushe. Wannan ita ce gatar da ka fi mai shayin nan da ita.

Ta yaya zan gane labarin ƙarya? A zauren WhatsApp na ajinmu kullum sai an turo sabo.

Fara da tuna irin ɓarnar da ya yi a baya. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'ya'yansu cikin dare, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. Bayan 'yan shekaru aka yi ta yaɗa cewa Shugaba Buhari ya rasu an kawo wani Jubril daga Sudan, har sai da shi da kansa ya musanta a ƙasar Poland a Disamban 2018. Masu digiri na cikin waɗanda suka yaɗa duka biyun.

Abin da na fi tsoro shi ne saƙon murya. Mutum ya yi sallama, ya yi salati, ya rantse, ya ce yanzu-yanzu ya baro wurin, amma babu suna, babu ranar da abin ya faru, babu garin. Rantsuwar ce ke sa mu sakin jiki. Sai hoton da aka liƙa wa tambarin BBC Hausa, wanda yaro ma zai haɗa a waya cikin minti biyu. Idan an ce BBC ta faɗa, buɗe shafinta ka duba. Hoto kuwa, saka shi a Google Lens ka ga ko na wata ƙasa ne ko na shekaru biyar da suka wuce. Akwai kuma masu aikin tantance labari kamar Dubawa da Africa Check. Yanzu da na'ura ke iya kwaikwayon muryar mutum, jin murya kaɗai ya daina zama shaida.

Akwai wani nau'in da ba ƙarya ba ne, rabin gaskiya ne. Dubi shari'ar gwamnan Kano. A Satumban 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf, a Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan, a 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ce shi ne gwamna. Duk tsawon watannin nan bai bar gidan gwamnati ba, domin doka ta bar mai kujera a kai har sai ɗaukaka ƙara ta ƙare. Wanda ya ga kanun "an tsige gwamna" ya tsaya nan, an faɗa masa gaskiya, amma bai fahimci komai ba.

Idan labari ya yi maka daɗi ƙwarai, ko ya fusata ka ƙwarai, jira zuwa gobe kafin ka tura.

Ina jin sunaye da muƙamai amma ban gane wa ke da alhakin me ba.

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokacinka, domin mafi yawan musun da ake yi a majalisar ƙofar gida daga rashin sanin wannan yake tasowa. Najeriya na da jihohi 36 da Abuja, da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai na da 44. Majalisar Dattawa na da kujeru 109, uku daga kowace jiha da ɗaya na Abuja. Majalisar Wakilai na da 360. Aikinsu yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido kan ma'aikatu. Rabon babura da keken ɗinki ba ya cikin aikin da tsarin mulki ya ɗora musu, ko da yake da shi aka fi auna su a gida.

Soja, da 'yan sanda, da kuɗin ƙasa, da kan iyaka, duk na gwamnatin tarayya ne. Shi ya sa gwamna zai ce shi ne shugaban tsaron jiharsa amma kwamishinan 'yan sanda daga Abuja yake karɓar umarni. Makarantar firamare da ƙaramin asibitin ƙauyenku kuwa na jiha ne da ƙaramar hukuma. Idan rufin ajin ƙaninka ya yaye, zagin shugaban ƙasa ba zai gyara shi ba, kuma shugaban ƙaramar hukumarku zai ji daɗi idan ka ci gaba da kallon Abuja.

Sannan ka bi kuɗi. Duk wata kwamitin FAAC na zama ya raba kuɗin tarayya tsakanin matakan gwamnati uku, kuma ana buga alƙaluman. Bayan cire tallafin mai, abin da jihohi ke samu da naira ya ƙaru sosai. A 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Tambayar ɗalibi mai bin labari da gaske ita ce: nawa ya shigo ƙaramar hukumarmu watan jiya, kuma ina ya tafi? Ƙungiyar BudgIT na sauƙaƙa kasafin kuɗi, tana kuma da shirin Tracka mai bin ayyukan mazaɓu. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba ka damar rubuta wa hukumar tarayya ka nemi bayani. Ba kullum ake amsawa ba, amma dokar na nan.

Na san wannan bai kai rikicin masarauta armashi ba. Amma shi ne siyasar.

'Yan ɗakinmu kowa da gwaninsa. Dole ne ni ma in ɗauki ɓangare?

Ba dole, kuma kada ka yi gaggawa. Rabiu Musa Kwankwaso da Abdullahi Umar Ganduje gwamna ne da mataimakinsa daga 1999 zuwa 2003, da kuma daga 2011 zuwa 2015, kafin su zama abokan hamayya. Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Atiku Abubakar ya yi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar AC a 2007, ya koma PDP, ya shiga APC, ya sake komawa PDP. Wanda ya ɓata da amininsa saboda ɗayansu, wata rana zai wayi gari ya ga hotonsu suna dariya tare.

Ba wai ra'ayi laifi ba ne. Arewa ta san siyasar aƙida. A 1950 aka kafa NEPU a Kano, ta tsaya kan 'yancin talaka a gaban sarakuna da hukumarsu ta 'En'e, mabiyanta suka sha ɗauri da bulala. Malam Aminu Kano ya jagorance ta, daga baya ya jagoranci PRP, wadda a 1979 ta ci Kano da Abubakar Rimi, ta ci Kaduna da Balarabe Musa. Su ma dai sun rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, don haka kada a ce mutanen da waliyyai ne. Amma a lokacin, idan ka tambayi ɗan jam'iyya me yake so a sauya, yana da amsa. Ka tambayi kanka haka. Idan amsarka sunan mutum ne kawai, ba ka gama tunani ba.

Wani ya ce zai riƙa tura mini kuɗin data in riƙa tallata maigidansa a Facebook. In karɓa?

Ban ga laifin yi wa ɗan takara aiki a fili ba, aiki ne kamar kowane. Sai dai ka san abin da ake saya. Yau talla ce, gobe za a turo maka rubutu a ce ka sa a shafinka, a ciki an ci mutuncin wani dattijo sa'an mahaifinka. Sojojin baka na rediyo aƙalla sun san abin da suka shiga. Kai sunanka ne a jikin rubutun, maigidan kuwa ba zai san ka ba ranar da aka zo kama ka.

Kuma ana kamawa. Dokar laifukan intanet ta 2015, musamman sashe na 24, an yi ta amfani da ita kan 'yan jarida da masu rubutu a shafukan sada zumunta, har aka yi mata gyara a 2024. A Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan rubutun da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, aka kai shi Abuja, ba a sake shi ba sai da ƙasa ta ɗauki surutu aka janye ƙarar. Kamun bai dace ba. Amma soki aiki da hujja, ka bar jikin mutum da iyalinsa, ya fi maka tsaro, kuma ya fi cizo.

Ni mace ce. Gwaggona ta ce bin siyasa ba na 'ya mace ba ne.

Ki yi mata magana da ladabi, ki tuna mata Hajiya Gambo Sawaba, 'yar NEPU a Zariya, wadda aka ɗaure sau da dama saboda ta nemi a ba matan Arewa ƙuri'a. Matan Kudu sun yi zaɓe tun kafin 'yancin kai, na Arewa sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. Yau ki duba layin zaɓe a Kano ko Katsina, mata ne cike. Amma a Majalisar Dattawan da aka zaɓa a 2023, mata huɗu ne cikin 109.

Damuwar gwaggo tana da tushe: macen da ta faɗi ra'ayinta a fili ana zaginta da abin da ba a zagin namiji da shi. Ki rufe shafinki ga wanda ba ki sani ba idan kin ga dama, ki toshe mai zagi ba tare da musu ba. Amma farashin shinkafa da haihuwa a asibitin da babu ungozoma ba su tambayi jinsin kowa ba.

Siyasar ƙungiyar ɗalibai fa, da zanga-zanga?

Tana da tarihi mai nauyi. A 1978, ƙarin kuɗin abinci da ɗakin kwana ya haifar da zanga-zangar da aka sani da "Ali Must Go", da sunan Kanar Ahmadu Ali mai kula da ilimi a gwamnatin Obasanjo ta soja. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, NANS ta gaje ta a 1980. A Mayun 1986 an sake harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. A wancan zamanin Samaru, mazaunin jami'ar, cibiyar muhawara ce, da malamai irin su Dakta Yusufu Bala Usman.

Ƙungiyoyin yau da yawansu sun koma raba lambar yabo ga masu kuɗi. Duk da haka zan ce ka shiga ta sashenku ko ta 'yan jiharku, domin a nan za ka koyi yadda ake gudanar da taro, da rubuta takardar koke, da riƙe kuɗin jama'a a yi maka bincike a kai.

Zanga-zanga kuwa, tsarin mulki ya ba da 'yancin taruwa cikin lumana. Amma ka tuna Agustan 2024: a Kano da Kaduna abin ya rikiɗe zuwa fashe-fashe, an rasa rayuka, aka sa dokar hana fita, aka kwashi matasa har da ƙananan yara zuwa Abuja. A Nuwamba aka ga wasunsu suna faɗuwa a gaban kotu, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Kafin ka fita, ka san wa ya kira, me ake nema, wa zai tsaya maka idan an kama ka.

Karatuna ya fara ja da baya.

To, ka rage. Rabin awa da safe, rabin awa da dare, ka kashe ƙararrawar saƙonni lokacin lacca. Labarin da ya isa labari zai jira ka. Jarrabawar da ka faɗi kuwa sai ka maimaita kwas ɗin baɗi.

Labaran sun fara sa ni baƙin ciki, kullum kisa da sace mutane.

Daina kallon bidiyon gawarwaki. Ba ya ƙara maka sani, kuma cin mutuncin mamaci ne da danginsa. Karanta rahoton a rubuce ya isa. Idan abin ya kai ga hana ka barci, ka yi mako guda ba ka duba ba, ka kuma faɗa wa wani babba da ka amince da shi.

Me ya haɗa ni da labaran waje?

Tambayi ɗan kasuwar Jibiya ko Illela. Da sojoji suka kifar da Shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar da take ba Nijar. Dangi suka kasa ziyartar juna tsakanin Katsina da Maraɗi, manyan motoci suka yi layi da kaya suna lalacewa, har aka ɗage takunkumin a farkon 2024. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuwa, ɗaliban Najeriya ne aka yi ta kwasowa ta iyakar Masar, da yawansu 'yan Arewa.

Ina so in yi zaɓe, wataƙila ma wata rana in yi takara. Me zan yi yanzu?

Idan ka cika shekara 18, ka yi rajista da INEC duk lokacin da ta buɗe, sannan ka koma ka karɓi katin, domin rajista ba tare da kati a hannu ba aikin banza ne. A rumfar da ka yi rajista kaɗai za ka jefa ƙuri'a. Ka yi tunani ko gida ya fi ko makaranta: a 2023 an rufe jami'o'i lokacin zaɓe, wanda ya yi rajista a harabar makaranta ya koma garinsu ya rasa. Ana iya neman sauya rumfa kafin a rufe rajista.

Alƙaluman INEC na 2023 sun nuna masu rajista miliyan 93 da ɗoriya, ɗalibai kimanin miliyan 26 daga ciki, rukuni mafi girma. Amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu ba su wuce miliyan 25 ba, kimanin kashi 27 cikin ɗari. Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku na da 6.98, Peter Obi 6.1, Kwankwaso kusan 1.5. Kwatanta waɗannan da yawan ɗaliban da ke cikin rajistar.

Takara kuwa, gyaran tsarin mulkin da Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2018 ya rage shekarun majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Gwamna da sanata suna nan a 35. Babu takarar indifenda, sai jam'iyya ta tsayar da kai, kuma jam'iyya daga mazaɓa take farawa. Ka je ofishinta na mazaɓarku lokacin hutu, ka yanki kati, ka zauna taro biyu ko uku ka ga yadda ake fitar da daliget. Zaɓen kansila da ciyaman hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, ba INEC ba, don haka ranarsa daban take, sai ka bibiya a rediyon jiharku.